Kartan da Agnelo Bai Danne Ba

Idan ka shiga kasuwar kifi ta Panjim ka ji wani yana koya wa mutane abin da ba su tambaye shi ba, ba sai ka waiwaya ba, Agnelo Furtado ne. Ɗan acaba ne, amma bakinsa ya fi babur ɗinsa gudu. Ya taɓa koya wa masunci jefa koma, ya koya wa Fada na coci yadda ake jan huɗuba, ya gyara wa ungozoma zance a kan naƙuda. Bana kuma wata cacar karta da ake kira foka ce ta shiga kansa.

A waya ya koye ta, inda ake bugawa da kuɗin ƙarya. A can ya tara miliyoyin da ko kofin shayi ba za su saya ba, kuma tun daga nan tashar 'yan acaba ba ta sake samun sakat ba.

Ranar wata Asabar ya kwashe marafen kwalabe a teburin mai shayi, ya jera su.

"Ku matso, jahilai, yau kyauta ne. Kowa ana ba shi karta biyu a rufe. Wannan ya ɗaga kuɗi, ba don yana da abin kirki ba, don son burga. Wannan ya bi shi, shi ma hannunsa ba nauyi, da da nauyi ai da ƙari ya yi. To ga ni a bayansu. Sai in ninka kuɗin ninkin ba ninki. Na farko yana tsoron na biyu, na biyu yana tsorona, duk su zubar da kartansu in kwashe. Sunansa matsi. Kamar dai yadda matata Filomena take matse kwakwa."

Tulsidas Naik, wanda suka yi shekaru suna ƙwace wa juna fasinja a tashar, ya kurɓi shayi ya ce, "In kwakwar ta ƙi matsuwa fa, farfesa?"

"Mutum ɗaya ne zai tsaya. Ba ya wuce ɗaya, lissafi ne. Shi ma na haƙa masa rami. Ai gwani tun kafin a buɗe karta ukun da ake shimfiɗa wa kowa a tsakiya ya gama sanin abin da zai yi. In babba ta fito ita kaɗai, in zuba sulusin abin da ke tsakiya. In ƙanana suka fito a jere kamar 'yan makaranta, in naɗe hannu. In kuwa ta faɗo mini daidai, in tura duka, in tashi in karkaɗe riga."

"To me ya hana ka shiga jirgin can?" Tulsidas ya nuna babban jirgin cacar da ke girke a tsakiyar kogi. "Ko a can ba a karɓar miliyoyin waya?"

'Yan tasha suka kwashe da dariya. Dariyar nan ce ta kai Agnelo ta baro.

Kuɗin zama a teburin jirgin ya fi ƙarfin aljihunsa, kuma abu ɗaya ya mallaka a duniya, babur ɗinsa da yake kira Rozinya. Kullum da safe sai ya goge ta kafin ya wanke fuskarsa. Tulsidas ya daɗe yana haɗiyar yawu a kanta. Nan take suka daidaita a gaban shaidu: Tulsidas zai sayi Rozinya gobe Lahadi, in Agnelo ya maido kuɗin kafin ƙararrawar cocin yamma ta buga, ya karɓi abarsa. In ta buga bai kawo ba, ciniki ya faɗa.

"Ka fara yi mata bankwana," in ji Tulsidas.

"Ita zan yi wa kishiya dai. Litinin da motar haya za ku gan ni."

Washegari bayan an taso daga coci ya zaro kwat ɗin aurensa daga ƙasan akwati. Kwat ɗin ta tsaya a yadda take, Agnelo ne ya yi gaba, don haka da ƙyar maɓalli ya haɗu, wandon kuwa sai da ya riƙe numfashi. Matarsa Filomena, mai sayar da kifi, tana ɗaure kwandunanta ta ɗago kai.

"Wa ya mutu?"

"Talauci."

"Allah ya ji ƙansa. In an binne shi ka zo ka ɗauke ni, ƙararrawa na bugawa nake tashi. Kada ka bar ni da kwanduna a bakin titi."

A bakin gaɓa ya miƙa wa Tulsidas makullin Rozinya, mai ɗan kifin tagulla a jiki, ya karɓi kuɗi. Yana shiga ƙaramin kwalekwalen da ke kai mutane jirgi sai ya ga Tulsidas ya biyo shi.

"Kai kuma ina za ka? Shiga da kuɗi ne."

"Na sani. Sinima ma ina biya, balle wannan. Kuma an ce abinci kyauta ne."

Rana tsaka ce, amma cikin jirgin fitilu ne da sanyin na'ura. Aka canja wa Agnelo kuɗinsa da kwandalolin roba masu launi. Kujera ɗaya ta rage a teburin, daf da mai raba karta, wata budurwa mai suna Dolma wadda fuskarta ba ta nuna komai. A hagunsa wata tsohuwa ce cikin baƙar riga, Goggo Perpetua, mai gonakin kashu a Bisholim, wadda tun da mijinta ya mutu ta mai da teburin nan falonta. Sai wani ƙaton ɗan kasuwa daga Delhi mai suna Sodhi, zobe a kowane yatsa, da wani likitan haƙori, da ango da amarya da suka zo shan iska. Tulsidas ya tsaya bayan igiyar 'yan kallo da faranti ya yi tozo da shinkafa da jatan lande.

Agnelo bai gama zama ba ya ce, "Jama'a, ina ba ku haƙuri tun yanzu. Ba gaba ba ce, ilimi ne."

Sodhi ya dube shi sama da ƙasa. "Wannan ango ne ko mai kiɗan biki?"

Aka raba karta. Goggo Perpetua ta leƙa nata, ta ɗora musu wata ƙwarar kashu ta azurfa. Ta ga na Agnelo a yashe a gabansa.

"Ɗan nan, ka danne kartanka. Kujerar nan kusa take da bola, inda ake tara kartan da aka zubar, hannun yarinyar nan kuma tsintsiya ne. Ɗora ko makulli ne."

Hannun Agnelo ya tafi aljihu da kansa, ya tarar wayam. Daga baya Tulsidas ya kaɗa ɗan kifin tagulla yana taunar jatan lande.

"Goggo," in ji Agnelo, "zaki ba ya ɗaukar maigadi."

"To, zaki. Allah ya ba da sa'a."

Ba a jima ba dama ta zo yadda ya tsara ta da marafen kwalabe. Sodhi ya ɗaga kuɗi, likita ya bi. Agnelo ya ɗauki kwandala ɗaya, mafi tsada a gabansa, ya murza ta da yatsa biyu, ya cilla tsakiya bai ce uffan ba, yana kallon silin irin na 'yan fim.

"Ya bi," in ji Dolma, ta miƙo masa canji.

"Wa ya bi? Ni? Ƙari na yi! Matsi ne wannan!"

"Kwandala ɗaya ba magana, bi ne, yallaɓai. In ƙari ne sai ka faɗa da baki."

"A waya ba a magana!"

"A waya ma ba a ba ka canji," in ji Sodhi.

Tulsidas ya ɗaga murya. "Ikon Allah! Agnelo ya yi shiru sau ɗaya a rayuwarsa, shi ma asara ya jawo!"

Wannan zagaye likita ya cinye. Agnelo ya gyara kwat ya sanar da teburin cewa da gangan ya yi, yana auna zurfin ruwa ne.

Dama ta biyu ta zo. Sodhi ya ɗaga, ango ya bi. Agnelo ya tura tsibi ɗaya, ya tsaya ya kalli idon Sodhi don ya ga tsoro, bai gani ba, sai ya koma ya ɗebo wani tsibin.

Dolma ta tare da tafin hannu. "Na farko ne kawai ya shiga. Sau ɗaya ake turawa."

"Kuɗina ne! In na ga dama in tura shi da cokali!"

"A gidanka, yallaɓai."

"Ɗan nan," in ji Goggo Perpetua, "wannan matsin naka tausa ne? Ni har na fara jin barci."

Amarya ta rufe baki da gyale tana dariya. Wannan karon ango ya cinye, ya sumbaci amaryarsa a goshi, ya ce wa Agnelo sun gode da gudummawar biki.

Yanzu gumi ya fara keto wa Agnelo duk da sanyin na'ura. Kwandalolinsa sun zabge, ta taga kuma rana ta karkata zuwa bakin teku. Ya yi ta zubar da karta yana jira, yana maimaita wa kansa: da baki, kuma sau ɗaya. Da baki, kuma sau ɗaya. Tulsidas ya ƙaro faranti na uku, ya fara tambayar mai gadi ko ya san inda ake sake wa babur fenti da araha.

Sai aka raba, Agnelo ya ɗaga gefen kartansa ya leƙa. As ne guda biyu, kartar da ta fi sarki, babu hannun da ya fi wannan a farkon wasa. Sodhi ya ɗaga kuɗi kamar kullum. Likita ya bi, ango ya bi, amarya ta bi.

Agnelo ya miƙe zaune, ya yi gyaran murya har na teburin baya suka waiwayo.

"Ƙari! Da baki na faɗa, kowa ya ji? Ƙari! Dubu goma sha biyu!" Ya tura su tashi ɗaya. Ya juya ga Tulsidas. "Ka buɗe ido. Yanzu za su watse, ɗaya ya rage."

"Na bi," in ji Goggo Perpetua, ko kallon kartanta ba ta sake yi ba.

"To ga ɗayan nan. Saura ku tafi."

"Na bi," in ji Sodhi.

"Kai ai gudu za ka yi! Kana tsoron likita!"

"Ni? Jirgin sama na hawo daga Delhi don in zo in zubar da karta? Da zubarwa nake so ai da na zauna a gida da surukata."

Likita ya ce tunda tukunyar ta yi kauri shi ma a sa da shi. Ango ya kalli amarya, ya ga ba zai yiwu ya ji tsoro a gabanta ba tun a makon farko, ya bi. Amarya ta ce inda mijinta ya sa ƙafa nan za ta sa, ta bi.

Agnelo ya ƙirga su da ido. Mutum biyar. Duk ramukan da ya haƙa na mutum ɗaya ne.

"Ba haka ake yi ba," ya ce, muryarsa ta sirance. "Lissafi ya ce ɗaya."

"Lissafin bai zo jirgin ba yau," in ji Tulsidas. "Lahadi ce."

Dolma ta shimfiɗa uku na tsakiya. Agnelo ya runtse ido yana laluben shirinsa: in babba ce sulusi, to sulusin wannan tulin ai ya kusa duk abin da ya rage masa, in ƙanana ne a naɗe hannu, to a naɗe wa mutum biyar? Ya buɗe ido. As ce, da tara, da huɗu. As uku ke nan a hannunsa. Ta faɗo masa daidai.

Duk teburin suka ƙwanƙwasa, wato sun bar masa magana. Jinin Agnelo ya dawo jikinsa, ya dawo har da riba.

"Duka!" Ya sa hannu bibbiyu ya share duk abin da ke gabansa ya tura tsakiya tashi ɗaya, kada a ce ya yi sau biyu. Da kwandaloli da kartansa biyu da ke yashe a gabansu, duk suka yi gaba. Bai lura ba. Ya riga ya miƙe, ya ba teburin baya, ya nufi igiyar 'yan kallo yana karkaɗe kwat.

"Tulsidas, ajiye farantin nan ka goge hannunka, ba na son maiƙo a makullina. Jama'a, ku matso ku ƙaru. Kun ga abin da ake kira shiri? Tun jiya na buga wannan hannun, a teburin mai shayi. Yau karɓar kuɗi kawai na zo."

A bayansa Goggo Perpetua ta ce, "Na bi," ta tura nata.

"Kun ji ko? Allah sarki tsohuwa. Zan saya mata kyandir."

Sodhi ya yi tsaki ya wurgar da kartansa, suka sauka a kan wasu biyu da ke yashe kusa da bola. Likita ya jefa nasa, ango da amarya suka jefa nasu. Dolma ta sa hannu ta share matattun karta gaba ɗaya ta cusa cikin tulin, kamar yadda take yi sau ɗari a wuni. Ta buɗe karta ta huɗu a tsakiya, ta buɗe ta biyar. Agnelo yana can ya kai ga bayanin kalar motar da zai saya.

"Yallaɓai, a buɗe karta."

Ya dawo yana taku ɗai-ɗai. Ya tsaya, ya ɗaga hannu sama don kowa ya gani, ya sauke shi a kan tebur. Tafinsa ya daki koren ƙyalle. Ya shafa dama, ya shafa hagu. Ya ɗaga kofin shayin Goggo. Ya leƙa ƙarƙashin kujera.

"Ina kartana?"

Dolma ta kalli gabansa, ta kalli bola. A karon farko fuskarta ta motsa. Ta kira manaja.

Manajan ya zo, ya saurara, ya yi magana a hankali irin ta mai kai saƙon mutuwa. Tsare karta aikin mai karta ne. Wadda ta shiga bola ta cakuɗe, ta mutu. Kuɗin da aka riga aka bi kuwa ba ya dawowa.

"As biyu ne! Na rantse da kabarin uwata, As biyu!"

"Kowa As biyu gare shi in kartansa suka ɓata," in ji Sodhi.

Goggo Perpetua ta ɗage ƙwarar kashunta ta buɗe nata. Huɗu ce da bakwai. Huɗu biyu ke nan da ta tsakiya, hannun da ko a waya Agnelo ba zai kalla ba.

"Da wannan kika bi ni? Da wannan?"

"Ran huɗu ga wata aka haifi jikata."

"Goggo, kina kusa da ni! Ba ki ga ana share su ba?"

"Na gani sarai. Amma kana tsakiyar huɗuba, mu kuma ba a koya mana katse mai huɗuba ba."

Nan Agnelo ya yi kukan kura ya haye teburin zai tono bola. Gwiwarsa ta farko ta hau lafiya. Da ya ɗaga ta biyu, wandon aure ya ce iya haƙurinsa ke nan, ya tsage tun daga ƙugu har ƙasa da ƙarar da aka ji a wajen masu abinci. Amarya ta yi ihu, ango ya rufe mata ido, likita ya shaƙe da dariya har sai da aka ba shi ruwa. Ƙarti biyu suka ɗauke Agnelo cak, yana ta wutsil-wutsil da karta a kowane hannu, babu As ko ɗaya a ciki.

Suna tsakiyar kogi a cikin kwalekwale, ya ɗaura kwat a ƙugu, ƙararrawar coci ta fara bugawa daga kan tudu. Tulsidas ya cire hula don girmamawa, ko da yake ba addininsa ba ne.

Labari ya riga su sauka, don mai tuƙa kwalekwalen da ya riga nasu tasowa ƙanin mai shayi ne. 'Yan tasha sun yi layi a bakin kasuwa, wani yana kaɗa marafen kwalabe a gwangwani. Filomena tana tsaye da kwandunanta. Ta kalli kwat a ƙugu, ta kalli Tulsidas da ke zura makulli a jikin Rozinya.

"An binne talaucin?"

"Filo, ki tsaya ki ji. Shirin bai yi kuskure ba ko kaɗan. Matsin ya yi, kartan tsakiya sun yi, da an buɗe..."

"An ce ba ka danne ba."

"Wannan ƙaramin abu ne, ba ya cikin lissafi."

"Ni ban yi makarantar waya ba," in ji ta, "amma ko fitsari zan zaga sai na ɗora dutse a kan kwandon kifina saboda hankaka. Tulsidas, nawa ne zuwa gida, Betim?"

"Ke ta gida ce, yaya. Biya rabi."

"Cikakke zan biya. Mai babur ai a ba shi haƙƙinsa."

Ta tattara kwandunan, masu ƙarni da ɗigar ruwa, ta jera su a kan Agnelo. Ta haye bayan Tulsidas ta gyara zama a wurin da ta saba. Tulsidas ya tayar, ya sa giya da ƙarfi har Rozinya ta yi ƙara. Duk abin da ya faru a jirgi bai yi wa Agnelo ciwo kamar wannan ƙarar ba. Idonsa ya cika da ƙwalla.

"A hankali mana! Ba ta son a fizge ta, sai ka ɗan..."

"Koya wa kwanduna," in ji Tulsidas.

Babur ya ɗaga. Iskar kogi ta taso ta fara ɗaga kwandon sama. Filomena ta waiwayo ta ƙwala masa kira yadda duk kasuwa za ta ji.

"Zaki! Akwai iska a kan gada. Ka danne!"

Agnelo ya ɗaga hannu bibbiyu ya danne. Kwat ɗin da ke ƙugunsa, da ba mai riƙe ta, ta zame ta faɗi.